Yadda Matata Ta Zama Uwar Dutse

Yau da safe a layin mai aka yi mini karramawar da tun da uwata ta haife ni ba a taɓa yi mini irinta ba. Ina tsaye riƙe da babur, ni ne wajen na sittin, yayyafi na sauka mini a ƙeya, sai wani mai tasi ya leƙo ta taga ya ƙura mini ido.

"Kai! Ba kai ne mijin Uwar Dutse ba?"

Na ce ba ni ba ne. Ya rantse ni ne, ya gan ni a gefen hoton, riƙe da jaka, baki a buɗe. Kafin in ankara an buɗe mini hanya, ana tafi, ana cewa a bar Pak Cik, wato Kawu, ya wuce. Aka gungura ni da babur har gaban famfo. Mai zuba man ya cire hula, ya gaishe ni da hannu biyu, ya dafa ƙirji, sannan ya sanar da ni cikin ladabi cewa mai ya ƙare tun ƙarfe bakwai. Layin da muke bi na gobe ne.

Na turo babur zuwa gida ina tunani. Tunda dai an riga an san fuskata, gara in ba ku labarin da bakina kafin a sa shi a littafin 'yan firamare.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Seman, shekara talatin da ɗaya na yi ina rabon wasiƙu kafin gwiwa ta ce ta gaji, na koma rubuta muku wannan shafi a jarida. Matata Rokiah. Allah ya ba mu 'ya ɗaya tilo, Suriani, ma'aikaciyar jinya ce, shekararta huɗu ita da mijinta Faizul a wata ƙasa da editana ya roƙe ni kada in ambaci sunanta. Mu kira ta Ƙasar Sanyi. A lokacin Suriani na da cikin fari, kuma tun yana wata uku Rokiah ta fara haɗa kayan jego. Ku kun sani, kwana arba'in da huɗun nan da ake yi na jego a wurinmu aikin uwa ne, ba a ba da shi aro. Ta tanadi doguwar ɗamarar da ake naɗe ciki da ita, ta shanya saiwoyi da ganyayyaki har tsakar gidanmu ya koma shagon mai magani. Sai kuma babbansu, dutsen gashi. Baƙin dutsen rafi ne, santsi gare shi, girmansa kamar kwakwar da aka ɓare. Ana ɗora shi a wuta, a naɗe shi da ganye da tsumma, a riƙa danna wa mai jego a ciki. Da shi aka gasa kakar Rokiah, da shi aka gasa uwarta, da shi aka gasa ta ranar da ta haifi Suriani. Abin da ya rage mana kawai biza.

To ana nan sai Mai Alfarma ya sare bishiya.

Kun san wanda nake nufi, ko kuma ba ku sani ba, domin suna da yawa. Wannan dai in na ƙirga daidai shi ne na goma sha bakwai a layin gadon sarauta, kuma yana da gida a Ƙasar Sanyi. Maƙwabciyarsa wata tsohuwa ce mai bishiyar tuffa da marigayin mijinta ya dasa. Ganyen bishiyar na faɗawa cikin tafkin wankan Mai Alfarma, wanda yake shiga sau biyu a shekara. Wata safiya tsohuwa ta dawo daga kasuwa ta tarar da kututture. Da a nan ne, da ta je ta ba da haƙuri a kan ganyen. Amma can ba su da tarbiyya, sai ta kai ƙara kotu, kotu kuma don rashin ta ido ta karɓa.

Ba ƙarar ce ma ta fi ƙona mana rai ba, yadda aka miƙa sammacin ne. A matsayina na wanda ya ci abinci da miƙa takarda, na san ƙa'ida. Takardar ɗan sarauta a kan faranti ake ɗora ta, a rufe da ƙyalle, a tafi da rarrafe, a ɗaga ta sama da kai, a dawo da baya-baya. Su kuwa wani ƙato suka turo a kan keke, da gajeren wando, ya tare Mai Alfarma a bakin titi, ya kira sunansa tsurarsa, ya miƙa masa takarda a tsaye. Da hannun hagu, jama'a.

Washegari Mai Girma Ministan Ɓacin Rai ya fito a talabijin yana kumfar baki. Ya ce an taɓa mutuncin kowane ɗan ƙasa. Na shafa jikina ban ji inda aka taɓa ba, amma shi ya fi ni sani. Aka kira jakadansu, aka bar shi zaune a benci awa biyu ba ko shayi. Abin da ake yi mana a kowane ofishi ke nan tun muna samari, ashe sunansa matakin diflomasiyya. Jakadan ya ce gwamnatinsu ba ta da iko a kan alƙali. Mai Girma ya ɗauka wasa yake, ya ce to a ba shi lambar wayar alƙalin shi ya kira. Da abin ya ci tura, aka hana shigo da tuffarsu da cukunsu, wanda duk unguwarmu babu wanda ya taɓa ɗanɗanawa. Daga nan aka ba ma'aikatan ofishin jakadancinsu uku kwana biyu su tattara nasu ya nasu. Allah ya ƙara wa shugabanninmu basira, duk cikin ma'aikatan babu waɗanda suka zaɓa sai masu buga hatimin biza. Mutum ɗaya ya rage, taga ɗaya, ranar Talata kaɗai. Da ƙyar da jiɓin goshi muka samu rana, saura mako biyar Suriani ta haihu.

Laifina na farko shi ne zama a shagon kofi kusa da Leman. Maƙwabcina ne, ya taɓa raka wani mutum zuwa filin jirgin sama shekara ashirin da suka wuce, tun daga ranar ya zama masanin ƙasashen waje.

"Dutse?" Ya ajiye kofinsa. "Seman, kai da hankalinka? Mutanen nan karnuka gare su masu digiri. Busasshen kifi ma sun ƙwace wa surukin ƙanena, suka sa shi ya sa hannu. Dutse ai ƙasar wata ƙasa ce. A kwandon shara za su jefa shi tana kallo."

"To ya za a yi?"

"Ku kai shi ofishin jakadanci su gani da idonsu, su rubuta muku a takarda. Haka ake yi."

"Ka tabbata?"

"Ni za ka tambaya ko na tabbata?"

Laifina na biyu shi ne maimaita wa Rokiah wannan magana. Ta daina tsintar shinkafa ta dube ni, ta kira ni Abang, yadda matanmu ke kiran maigida.

"Abang, in tufafina suke so su riƙe. Amma dutsen nan ƙafata ƙafarsa."

Ranar Talata muka yi sammako, takardu a jakata, dutse a tata. Tun daga kwanar titin ofishin muka fara ganin motocin safa jere, kowace da lamba a gilashi. Ashe ranar ce jama'a suka zaɓa da kansu, ba tare da kowa ya sa su ba, don nuna fushinsu. Fushin ya zo a tsare gwanin sha'awa. Kowa da riga iri ɗaya, da kwali mai rubutu iri ɗaya, da ƙunshin shinkafar kwakwa a ganyen ayaba. Mai unguwarmu, Tok Jusoh, na tsaye da lasifika a hannu ɗaya, takardar sunaye a ɗayan, yana duba wanda bai zo yin fushi ba. Da ya hango mu sai ya washe baki.

"Seman! Rokiah! Ku da ba a ma rubuta ku ba kuka zo? Wannan shi ne kishi!"

Na ce biza muka zo nema, amma ganga ta cinye maganar. Wata dattijuwa da ke gefena ta taɓa ni da kwalinta.

"Pak Cik, don Allah wace ƙasa ce ma muke tsine wa?"

Na gaya mata. Ta ce oho, jikanta ma can yake karatu, sannan ta ci gaba da ihu.

Muka kutsa har shingen 'yan sanda. Wani ɗan sanda ya ɗaga jakar Rokiah ya ji nauyi, ya kira ta Mak Cik, wato Inna.

"Mak Cik, me ke ciki?"

Ta kwance tsumma ta fito da shi. Ta yi bayani, bai ji ba. Ta sake yi, bai ji ba, domin a daidai lokacin Tok Jusoh ya tayar da sabon taken la'anta. Rokiah kuwa mace ce da ba ta iya barin magana a rabi. Ta hango wani farin mutum a bayan gilashin ƙofa, ta ɗauka shi ne mai rubuta takardar da Leman ya faɗa. Sai ta ɗaga dutsen sama da hannu biyu, jijiyar wuya a miƙe, ta ƙwala masa kira.

"Ku duba! Ku duba da idonku!"

Farin mutum ya duba da idonsa, ya nutse ƙarƙashin tebur. Jiniya ta tashi, ƙofar ƙarfe ta sauko, aka soke ganin kowa a ranar. Masu ɗaukar hoto kuwa, da suka wuni suna ɗaukar mutane na cin shinkafa, suka samu abin da suka zo nema.

Washegari ga Rokiah a shafin farko, da manyan baƙaƙe: UWA TA ƊAGA DUTSE DON MARTABAR ƘASA. Kafin azahar an raɗa mata Uwar Dutse. Jaridun can ma suka ɗauka, sai dai su ba uwa suka kira ta ba. Da la'asar Suriani ta bugo wa uwarta waya.

"Mak, me kika yi? Abokan aikina sai nuna mini hotonki suke, suna tambaya ko na san ki."

"Me kika ce musu?"

"Na ce dutsen jego ne. Mak, ta yaya zan yi musu bayanin dutsen jego?"

Bayan kwana takwas amsar biza ta iso. In faɗi gaskiya, an ninke wasiƙar da kyau, kuma da hannun dama aka miƙo mini. An hana Rokiah shiga Ƙasar Sanyi saboda barazana ga lafiyar ma'aikatansu. Matar da ko ƙadangare ba ta iya jifa, sai dai ta kira ni.

Na ce abu mai sauƙi ne. Gwamnatinmu ta rubuta layi biyu, ta ce kuskure ne, dutsen gashi ne, shi ke nan. Na goge takalmi na shiga gari. Ofishi na farko suka ce ba su ne ke da dutse ba, in je hawa na huɗu. Hawa na huɗu suka ce su fushi kawai suke kula da shi, janye fushi yana wani gini. A wancan ginin, bayan kwana uku ina sintiri, aka shigar da ni gaban Mai Girma Babban Daraktan Tsara Ra'ayin Jama'a. Ya taso ya rungume ni, ya sa aka kawo mini shayi mai kumfa, abin da jakada ma bai samu ba. A bangon bayansa ga hoton matata, ya fi ƙofa tsayi.

Na zayyana masa komai. Ya saurara yana gyaɗa kai kamar mai jin wa'azi.

"Pak Cik, in na fahimce ka, so kake mu rubuta wa abokan gaba cewa jarumar ƙasa ba jaruma ba ce?"

"Ranka ya daɗe, so nake ta je ta yi wa 'yarta jego."

"An riga an buga allunan talla. An sa ta a waƙa. Yara na haddacewa."

"Yarinyar ita kaɗai ce a can, ranka ya daɗe. Haihuwar fari ce."

"Ka ga sadaukarwar ke nan!" Ya juya ga sakatarensa. "Rubuta wannan. Ta zaɓi ƙasa a kan 'yar cikinta."

Na fito da abin da ban shiga da shi ba, wato katin gayyata mai ruwan zinare. Za a rataya wa Rokiah lambar yabo.

Da farko ta ce ko a mafarki ba za ta je ba. Daga baya ta ce ai Mai Alfarma zai halarta, shi ma uwa ce ta haife shi, in ta yi masa magana baki da baki zai ji. Kwana biyu aka yi ana koya mata rarrafe da tafiya da baya-baya, mace mai shekara hamsin da takwas da ciwon gwiwa. Da yamma ni ke shafa mata man zafi, ita kuwa tana bitar abin da za ta faɗa.

Ranar biki aka cika zaure. Aka yi jawabi bakwai. A na bakwai ne aka sanar cewa Mai Alfarma ba zai samu zuwa ba, yana hutawa saboda raɗaɗin cin mutuncin da aka yi masa. Na tambayi na kusa da ni ina yake hutawar. Ya raɗa mini cewa a Ƙasar Sanyi mana, iskar can ta fi karɓar jikinsa. Duk Alhamis ma jirgi na kai masa kifin gida da 'ya'yan itace, don cikinsa ba ya son abincinsu.

Rokiah ta ji wannan raɗar. Ta yi rarrafenta har gaban kujerar da babu kowa a kai, Ministan Ɓacin Rai ya rataya mata lamba, ya miƙo mata abin magana.

"Uwar Dutse, ƙasa na alfahari da ke. Faɗi abin da kike so."

"Ranka ya daɗe," ta ce, "a sa ni a jirgin Alhamis ɗin nan mai kai kifi. Ba sai an ba ni kujera ba, a ƙasa ma zan zauna."

 Ni dai na ce yau magana ta fito fili, dole wani ya tambaye ta dalili. Mai Girma ya juya ga masu ɗaukar hoto, ya buɗe hannuwa.

"Kun ji! So take ta bi Mai Alfarma har can, ta tsaya masa a gaban kotunsu!"

Aka miƙe tsaye ana tafi. Rokiah ta fashe da kuka, kuma washegari jarida ta ce hawayen biyayya ne. Na sha ganin wulaƙanci a rayuwata, na sha yi masa dariya a wannan shafin, amma ranar ban ga abin dariya ba. Baƙin ciki ne ya tokare ni, da kunyar cewa ina zaune ina kallo, har na tsinci hannuwana suna tafi tare da na kowa.

Suriani ta haihu ranar wata Laraba, mace, lafiya lau, alhamdu lillahi. Kwana biyu aka sallame ta, haka suke yi a can. Faizul ya jingine waya a jikin kofi don mu ga ɗakin, Rokiah ta zauna a gaban tamu wayar, aka buɗe makarantar jego. Bawan Allah ya yanka zanen gado gida biyu ya yi ɗamara, ya cika robar ruwan zafi a madadin abin gashi.

"Daga ƙasa zuwa sama, Faizul! Wa ya ce ka fara daga sama? Ja da ƙarfi."

"Mak, tsoro nake kar in ji mata ciwo."

"Ja na ce! Ba kyautar biki kake naɗewa ba. Ina safarta? Wa ya bar ta ba safa a wannan sanyin? Me na gani a kofin can, ruwan sanyi ne?"

Ya yi iya yinsa, gumi na tsiyaya, jaririya na tsala kuka a gefe. Ɗamarar ta zame sau uku. A na huɗu ta ɗan zauna, a karkace. Suriani ta matso da fuskarta kusa da wayar, idanunta sun faɗa.

"Ya yi ƙoƙari, Mak. Hannunsa ne kawai ba irin naki ba."

Rokiah ta miƙo mini wayar, ta shige kicin. Ni kuma na tsaya ina tambayar Faizul ko ana ruwa a wajensu.

Shekaranjiya aka sasanta. Lauyoyin Mai Alfarma sun kai wa tsohuwa sabon dashen tuffa, ta janye ƙara. Jakadu sun ci abinci tare, an ɗage takunkumin cuku, masu hatimi uku za su dawo bakin aiki. Waɗanda aka riga aka hana biza kuwa, an ce suna iya sake nema bayan shekara biyu. Ministan Ɓacin Rai ya fito yana fara'a har kunne, ya karanta sanarwar haɗin gwiwa, wadda ta ƙare da cewa an warware saɓanin cikin 'yan'uwantaka kuma babu wanda ya cutu a kowane ɓangare.

Ni ba zan ƙaryata manya ba. Abin da kawai na sani shi ne, tun ranar da aka sallami Suriani, kullum da hantsi Rokiah sai ta ɗora farfesun kaza na masu jego, mai citta da masoro har ya fi ƙarfin hanci. Ban tambaye ta dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba. Mu biyu ne a gidan, ita kuma ba ta sha, don haka gabana ake ajiyewa. Ɗazu da na dawo daga layin mai ta dire mini kwanon, hankalinta na wani wuri, ta ce, "Sha da zafinsa, Suri." Sannan ta ji sunan 'yarta ne ta kira ni da shi, ta tsaya riƙe da murfin.

Na sunkuyar da kai na shanye tas.

Saboda haka in Mai Girma na neman shaida cewa babu wanda ya cutu, ya aiko a ɗauki hotona. Kumatu ma na yi.